Yadda Dogo Ya Kai Goro Bawku

Sunansa Mutaru, amma a gida ba a kiransa da shi. Ɗan farinmu ne, don haka ni da uwarsa Salimatu bakinmu bai saba da sunan ba. Tun yana shekara goma sha huɗu ya fi ni tsawo, mutanen zangon Salaga suka sa masa Dogo, mu ma muka samu sauƙi muka bi su.

An haife shi a 1963. Ni malamin makaranta ne, labarin ƙasa na karanta a jami'a, kuma na so ya yi nisa a karatu. Da ya gama sakandare sai ya ce ya ƙoshi. Ya kama aikin sayen doya. 'Yan kasuwa sukan tura shi ƙauyuka, daga wajen Kpandai har Kete Krachi, ya duba rumbu, ya yi ciniki, ya dawo ya gaya musu inda mota za ta iya shiga da inda za ta kafe. Ba mai yawan magana ba ne. In ka yi masa faɗa zai saurara har ka gama, ya ce, “To, Baba,” jim kaɗan ka ji shi a bayan gida yana bugun ƙarfe.

Ba za a gane abin da ya yi da shekarunsa na ƙarshe ba sai na yi bayanin goron Bawku.

Kakana da ƙanensa fatake ne, suna ɗaukar goro a kan jakuna daga Salaga zuwa arewa. Wata shekara ƙanen ya kwanta ciwo a Bawku. Ayari ba ya jiran majinyaci, sai wan ya bar masa huhun goro guda, wato ƙunshin da ake naɗewa da ɗanyen ganye, ya ce zai biyo ya ɗauke shi. Ƙanen ya warke, ya yi aure, ya ƙi dawowa. Tun daga lokacin, duk shekara idan sabon goro ya fara shigowa a ƙarshen damina, gidanmu na Salaga yakan aika wa gidan Bawku nasu. Sharaɗi biyu ne. Namiji ɗan gidan zai kai da hannunsa, kuma ta hanyar jakuna zai bi: Bimbilla, Yendi, Gushegu, ya gangara dutsen Nakpanduri, ya wuce Garu. A Yendi yakan kwana a gidan tsofaffin masu masaukinmu, a buɗe goron a yayyafa masa ruwa, a ba su nasu rabon.

A zamanin da nake magana, goro ya fi yawa a Bawku. Manyan motoci suna ɗauko shi daga Kumasi kai tsaye suna jibgewa a kasuwarsu. Salaga kuwa ta koma garin doya, ɗan goron da muke ci ma sai an tsallako da shi ta Yeji. Mai karɓar goron a Bawku ita ce Gwaggo Shetu, 'yar autan wancan ƙanen kakan nawa, ta haura tamanin. An yi mata wannan bayani fiye da sau ɗaya. Ta ce ta gode.

Yayana Iliasu ne yake kaiwa, wani wuri a mota, wani wuri a bayan tarakta, wani wuri a ƙasa. Ya rasu a 1986. 'Ya'yansa maza suna Abijan, ba a jin ɗuriyarsu, ni kuma makaranta a buɗe take a wannan watan. Muka zauna da matan gidan muka yanke shawara a ba wani direba amintacce mai bin kwalta ta Tamale. Ya kai lafiya. Ya kuma dawo da huhun lafiya, ko igiyarsa ba a kwance ba.

“Masta,” in ji direban, “tsohuwa ta ce in gaya maka goro bai iso ba.”

“Ga shi a hannunka.”

“Ni ma haka na ce mata.”

A shekarar aka yi suna biyu da rasuwa ɗaya a gidan Bawku, a kasuwa muka ji. Muka aurar da 'yata, tabarmar da aka shimfiɗa musu ba wanda ya zauna a kai. Daga baya saƙonta ya iso a sarari: za ta jira muddin tana numfashi, amma in ta mutu goro bai iso ba, 'ya'yanta da jikokinta ba su san kowa a Salaga ba.

Ranar da aka faɗi wannan a tsakar gida Dogo yana cin tuwo. Ya suɗe hannu ya ce, “Ni zan kai.”

Da bazara aka yi gwanjon kayan ma'aikatar gona, ya sayo babur irin na malaman gona, Honda mai dogayen ƙafafu da tayoyi masu ƙurji, salansarsa a ɗage ta bi ta gefen dama kusa da sirdi. Turo shi ya yi har gida, domin ba ya tashi. Salimatu ta leƙo daga kicin ta dube shi.

“Wannan ƙarfen ne zai kashe shi,” ta ce, ta koma.

Ta riƙa maimaita wannan magana duk ranar da ya fita, a murya ɗaya, kamar mai faɗin ranar kasuwa. Ba ta taɓa sa masa hannu ba. Ko zani ba ta shanya a kansa.

Aikin gyara a wurin Saaka aka yi shi, wani mai walda ɗan Gwanja da ke bakin tasha. Wata rana ina dawowa daga makaranta ya tare ni.

“Masta, ɗanka ya ce in mai da moto ya zama jaki.”

“Zai yiwu?”

“Zai yiwu. Amma jaki yana da hankali.”

Abin da Dogo ya yi shi ne ya tambayi tsofaffin zango yadda ake ɗora wa jaki goro. Suka ce kaya gida biyu ake rabawa, daidai wa daida, ɗaya dama ɗaya hagu, kada dabba ta karkace. Saaka ya lanƙwasa rodi ya yi mazaunin kwando biyu a gefen tayar baya. Suka ɗaga madigadin gaba don kada laka ta cushe ta riƙe taya. Suka ɗaure wayoyin ƙafa da siririyar waya a duk inda suka gitta juna. Dogo ya yanka wata tsohuwar taya ya shimfiɗa a cikin sabuwar saboda ƙaya. A ƙarƙashin inji suka ɗaura bakin shebur don duwatsu, kuma shebur ɗin nawa ne. Da ya ga gwiwoyinsa suna dukan hannun babur, sai ya ƙara wa sirdi tudu da soso ya rufe da fatar ragon layya. Bayan wannan, ba mai iya hawan babur ɗin a Salaga sai shi.

Ya tashi a Oktoban 1987, ruwa bai gama ɗaukewa ba. Abin da ya faru a can ba daga bakinsa na ji ba, shi cewa kawai ya yi, “Sai baɗi.” Matan da suka gani ne suka ba ni labari daga baya.

A Yendi, Fuseina ce take kula da baƙin gidan masaukin, mace mai kamar shekaruna. Da ta zo yayyafa ruwa ta taɓa kwandon dama ta ce, “Dogo, wannan yana da ɗumi.” Ya ce rana ce. Ta ce ranar gefe ɗaya take duka? Ya ce tun safe ta dama take.

Ya isa Bawku laka har wuya. Gwaggo Shetu tana kiransa maigidanta, irin wasan kaka da jika. Aka shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗaki, aka ajiye kwanduna biyu a gabanta. Ta yi bisimilla ta fara da na dama, kamar yadda kowane Musulmi zai yi. Ganyen ya bushe ya yi ƙamas. Goron ya yi baƙi ya yi laushi, ta matsa ɗaya ya lotsa.

“Maigida, wa ya dafa?”

“Salansa ce, Kaka.”

“Ka gaishe ta, ta iya girki. Goro bai iso ba.”

“Na hagun lafiyarsa lau. Ki buɗe ki gani.”

“Na buɗe wanda ake buɗewa.”

Ta sa aka yanka masa zabo, aka wanke masa kaya, ta riƙe shi har ya huta. Na hagun ya dawo da shi Salaga aka cinye. Gaskiyarsa, lafiyarsa lau.

Tsofaffin zango suka ce ba laifinsu ba ne, jaki ba shi da wuta a haƙarƙarin dama.

Shekara ta biyu ya mai da goron duka hagu. A dama ya sa kayan gyara: famfo, faci, fulogi, guntun sarƙa, sifana. Tsakaninsu da salansa ya ɗaura faifan alminiyam ya bar tazarar yatsa biyu don iska ta ratsa. A makon ne Salimatu ta nemi murfin babbar tukunyarta ta rasa. Rariyarta ma ta ɓata, sai ga ta a fuskar fitila tana tare tsakuwa.

“Ka gaya wa ɗanka,” ta ce mini, “in yana son ludayi ma ya yi magana.”

Saura matsalar mai. Bayan Yendi ba tabbas a samu fetur, a bara sai da ya tura babur na wani wuni kafin ya samu mai sayarwa a kwalba. Sai ya ɗaure jarka a kan kariyar baya, daidai saman kwandon goro. Murfin jarkar yana da kyau a tsaye. A kan hanyar Gushegu ba abin da yake tsaye.

A wannan karon Gwaggo ba ta fito ƙofar ɗaki ba, ciki aka kai mata, idonta kuma ya fara tafiya. Ba ta ko kwance igiya ba, hanci ta kai.

“Wannan na babur ne, ka ba shi ya ci. Nawa yana ina?”

“Ɗigo kaɗan ne, Kaka. Na tsakiya bai ji ba.”

“Goro ba ya ɓoye abin da ya kwana da shi. Maigida, ka yi sauri da ni. Ban ga alamar ina da baɗi da yawa ba.”

Ya dawo ya ce, “Sai baɗi.” Amma na lura ya daina zama a majalisa da yamma. Duk wanda ya zo daga arewa sai ya tare shi ya tambayi jikin tsohuwa.

Ya ce jarka ba za ta sake hawa babur ɗin ba, tankin ne zai girma. Saaka ya ƙi da farko, ya ce yana da iyali. Suka wanke tankin da sabulu da ruwan zafi har ya daina wari, suka cika shi da ruwa, Saaka ya tsaga shi ya ƙara masa ƙarfe a tsakiya ya ɗinke. Ya fito da doro a baya kamar tozon sa. Aka shafa masa koren fenti, shi da rodin gefe biyu, ragowar na ƙofar masallaci. Kwandon goro kuma suka daina zaunar da shi a kan ƙarfe, suka rataye shi a cikin mazauninsa da robar tub ɗin mota, yana lilo, don kada girgiza ta ƙuje 'ya'yan. Suka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. A dama, ƙarƙashin kayan gyara, ya ƙara galan na ruwa, wanda zai riƙa jiƙa buhun da shi a hanya. Sifirin na baya ya kasa ɗaukar wannan duka, suka samo mai ƙarfi daga wani mataccen babur a Tamale.

Sai gwaji. Duk zuwan da zai yi Kete Krachi sayen doya sai ya ɗauki ɗan goro a kwandon, ya kai shi ya dawo da shi, ya ajiye a gabana.

“Baba, ɗanɗana.”

“Ka san ba na cin goro.”

“Shi ya sa. Masu ci bakinsu ya mutu.”

A daminar nan na ci goro fiye da wanda na ci tun da aka haife ni. Nakan ce wannan yana da warin roba, ya tafi ya naɗe robar da tsumma. Na ce wannan ya ji rana, ya ƙara buhu. Ranar da na ce ban ji komai ba sai ɗaci, ya ce, “To, Baba,” a karon nan ban ji bugun ƙarfe ba.

Oktoban 1989 ya same ta da rai. Ta lalubi ganye ta ji shi da sanyi, ta zaro ɗaya fari, ta sa babban yatsa ta ɓare shi. Ya yi ƙas, har na bakin ƙofa suka ji. Ta daɗe tana tauna.

“Ya iso,” ta ce. “Ka gaida mutanen Gwanja. Ka ce shekara uku ina jira, ba su da kirki.”

Al'adar ita ce, bayan wanda ta ɓare, goro na gaba na mai kawowa ne. Dogo bai ci nasa ba. Ya naɗe shi a ganye ya kawo wa uwarsa. Ta karɓa ta ci a tsaye a bakin kicin, ta dubi babur ta ce ƙarfen nan ne zai kashe shi. Wata biyu bayan haka wani ɗan aike ya zo takanas daga Bawku ya gaya mana an yi haihuwa, ga ranar suna.

Ya sake kaiwa a 1990 ba wata matsala.

Babur bai kashe shi ba. A zafin Maris na 1991 ya dawo daga kasuwa yana ciwon kai, ya ce rana ce. Da wuyansa ya sandare muka kai shi asibiti. Sanƙarau ne. Sun yi abin da za su iya. Ya rasu yana da shekara ashirin da bakwai, bai yi aure ba, babur yana jingine a zaure tankinsa cike.

Ni da liman muka yi masa wanka. A nan na ga ƙafarsa ta dama, daga idon sawu zuwa ƙasan gwiwa, tabon ƙuna ne a kan tabon ƙuna, wani tsoho wani sabo. Ta hagu ba komai. Kullum da dogon wando yake, ban taɓa gani ba. Ban tambayi kowa ba, domin ban san wa zan tambaya ba.

Kafin sadakar bakwai mutanen Bawku suka iso, mota guda cike, maza da mata. Suka zauna a tabarma. Matan suka karɓi girki daga hannun Salimatu, mazan suka zauna da ni a zaure suna amsa gaisuwa kamar masu gida. Gwaggo ba ta iya tafiya. Ta aiko da gaisuwa, ba ta ambaci goro ba, su ma ba su ambata ba.

Damina ta yi ta wuce. Ran nan mai goro ya aiko yana cewa sabo ya fara shigowa, ko a ware mana kamar kullum. Na ce a ware. Maza a gidan sun ƙare a kaina. Na san abin da za a ce idan direba ya kai, na kuma san mutanen da suka zauna da ni a zaure. Na nemi izini a wurin aiki, na turo babur zuwa wurin Saaka. Shekaruna hamsin da shida, keke kawai na taɓa hawa.

Ya riƙe mini na hau. Ƙafafuna suna reto, tsakaninsu da ƙasa ya kai taƙi guda.

“Masta, sai mu yanke sirdi. A sauke baya kuma, a cire wannan sifirin.”

“Ba za a yanke komai ba.”

“To ƙafa ba ta kaiwa.”

“Na gani. Abin da ya haɗa a bar shi yadda ya haɗa.”

Saaka ya zagaya babur, ya zagaya ni. Ya ce, “In moto ba zai sauko ba, kai za ka hau.” Ya kai takalmana wurin mai gyaran takalmi aka liƙa musu tayar mota ninki uku. Tafiya da su a ƙasa abin kallo ce, amma a kan sirdi yatsuna suna taɓa ƙasa. A filin ƙwallon makaranta na koya, ranakun Asabar da Lahadi, Saaka yana bina yana cewa in saki kuloci a hankali, ba zakara nake saki ba.

Salimatu ba ta ce ƙarfen zai kashe ni ba. Tun Maris ba ta sake faɗin wannan magana ba. Ranar tafiya ita ta jera ganye a kwando da hannunta, ta zuba goro, ta naɗe, amma ni ta miƙa wa na rataya. Ta tsaya nesa da babur kamar yadda ta saba.

“Murfin tukunyata yana nan?”

“Yana nan.”

“To a dawo mini da shi.”

Hanyar ba sai na ba da labarinta duka ba. An ɗora babur a kwale-kwale a wani kogi, masu jirgin suka gane shi suka tambaye ni ina Dogo, na gaya musu, suka ƙi karɓar komai. Kafin Bimbilla na shiga wata laka mai santsi, tayar baya ta zame. Ban yi wata dabara ba. Babur ɗin da kansa ya kwanta dama, wajen galan ɗin ruwa, kwandon goro ya tsaya a sama yana lilo. Ƙafata tana ƙasa, bututun salansa a kanta. Murfin tukunya kayan gyara yake karewa, bai kai nan ba. Kafin in zare ta, wando ya ƙone, fata ta bi shi.

Da na tayar da shi na tsaya ina numfashi, sai na dubi rodin da ke gefe biyu. Na dama duk ya goge ya lanƙwashe, an miƙe shi an sake miƙewa. Na hagu koren fentinsa yana nan kamar jiya aka shafa.

Na isa Yendi da la'asar. Fuseina ta yi mini gaisuwar rashi, ta yayyafa wa goro ruwa, ta ɗebi rabonsu, sannan ta ga yadda nake taka ƙafa. Ta kawo man kaɗanya ta ce in miƙe ta a kan turmi.

“Nan yake ɗora tasa,” ta ce. “Duk zuwa. Na ce masa, Dogo, ba ka da wata ƙafar ne? Ka riƙa canjawa mana.”

“Me ya ce?”

“Ya ce goro yana hagu. Wai ya ƙara wa dama nauyi da gangan, ko barci yake yi ta nan zai faɗi.” Ta shafa man ta ɗaure da tsumma. “Kai ma ka fara da wuri.”

Dutsen Nakpanduri na fi shekara ashirin ina zana shi a allo, ina faɗa wa yara tsayinsa da irin dutsen da aka yi shi da shi. Ban taɓa ganinsa ba. Da na tsaya a bakinsa na hangi ƙasar Garu a shimfiɗe can ƙasa, sai na kashe inji na sauka. Na gangara da shi a ƙafa, hannu a birki, da takalman nan masu ninki uku. Wasu mata masu ɗauke da itace suka wuce ni, suka yi mini sannu, suka sake waiwayowa.

Na shiga Bawku da hantsi, na bi lungun har ƙofar gidan. Aka fito, aka karɓi babur, aka kwance kwando. Gwaggo Shetu tana kan gado an tokare ta da matasai, ta ƙanƙance, ba ta gani ko kaɗan. Na durƙusa na gaishe ta.

“Amidu ne?”

“Ni ne, Gwaggo.”

“Na ji kukan babur ɗin maigidana, amma na san ba hannunsa ba ne. Shi tun daga bakin lungu yake kashewa ya turo, kada ya tashe ni. Allah ya jiƙansa. Ya riga ni, bai kyauta ba.”

Na ce amin.

Aka sa mata kwandon a cinya. Ta kwance igiya da kanta, ta ɗauki lokaci, ba wanda ya taimaka mata. Ta shafa ganye, ta sunsuna, ta zaro ɗaya. Yatsanta ya kasa ɓare shi, ta sa shi tsakanin tafukanta biyu ta danna. Ya yi ƙas. Haƙoranta sun ƙare, sai aka goga mata a magogi ta zuba a baki. Jikokinta suna tsaye a bakin ƙofa ba mai motsi.

“Ya iso,” ta ce.

Ta sake lalube ta zaro wani ta miƙo wajen da take jin numfashina. “Na mai kawowa.” Na karɓa. Sai ta zaro na uku, wanda ba ya cikin al'ada. “Wannan ka kai wa Salimatu. Na san inda nasa yake zuwa.”

Ta sa aka kira babban jikanta, ta ce ya tsaya ya ji, daga baɗi shi zai riƙa buɗe kwandon, kuma ya fara da bisimilla ya duba da kyau, mutanen Gwanja sai an sa musu ido. Sannan ta juyo gare ni.

“Baɗi wa zai kawo?”

“Ni.”

“To ka koyi canja giya. Tun daga kasuwa nake jin ka.”

Na kwana biyu a can, ita da matan gidan suka ba ni labarin zuwansa na farko da na biyu, suna dariya, wasu suna share ido. Ta rasu kafin damina ta gaba. Ɗan aike ya zo har Salaga ya gaya mana, muka je.

Ranar da na dawo daga waccan tafiyar, na kashe inji a bakin lungunmu na turo. Salimatu tana tsakar gida. Na ba ta goron a ganyensa, na faɗa mata wanda ya aiko. Ta riƙe shi ba ta ci ba. Ta zo har inda babur yake, ta sunkuya ta duba murfin tukunyarta, ya yi baƙi ya lotsa a gefe ɗaya. Ta sa gefen zaninta ta goge lakar da ke kansa.

“A bar shi a nan,” ta ce. “Na riga na sayi wani.”